Su da Baka da Kibiya: Zaɓen Kaya da Ilmin Harbi Cikin Ruwa

Sanin kowa ne cewa a ƙasarmu baka da kibiya kayan maharbi ne da na 'yan baka a zamanin yaƙi, su kuwa masunta, tun daga Sarkawan Kabi da na Yawuri har zuwa mazauna bakin tafkin Chadi, kayan sana'arsu koma ne da taru da birgi da fatsa da mamari, sai mashi da zago idan al'amari ya kai ga babbar dabbar ruwa. Saboda haka in aka ce wa mutumin Argungu akwai ƙasar da ake tsayawa bisa jirgi, a ɗana kibiya, a harbi kifi yana cikin ruwa, sa'an nan a jawo shi da igiya, ba mamaki ya ɗauki zancen almara. Alhali kuwa abin daɗaɗɗe ne, domin mutanen dazuzzukan Amazon da na Guyana a Amurka ta Kudu, da mazauna tsibiran Andaman da ke cikin tekun Indiya, sun gaji irin wannan su tun kaka da kakanni, da shi kuma suke ciyar da iyalinsu. A wannan zamani kuwa, inda abin ya fi bunƙasa har ya sami kamfanoni masu ƙera kayansa da ƙungiyoyi da gasa da dokoki, ita ce ƙasar Amurka, musamman jihohin da kogin Misisipi da rassansa suka ratsa, da Texas da Luwiziyana.

Dalilin bunƙasarsa a can yana da ɗan tarihi. A shekarar 1877 hukumar kifi ta gwamnatin Amurka ta shigo da wani kifi da ake kira kaf daga Jamus, ta yi ta rarraba shi ga jihohi da niyyar samar wa jama'a abinci mai araha. Kifin ya sami wuri ya hayayyafa fiye da ƙima, ya shiga tonon gindin ruwa yana tumɓuke ciyayi yana gurɓata tafkuna, mutanen ƙasar kuma ba su ɗauke shi abin marmari ba. Bayan kusan shekara ɗari, wato cikin shekarun 1970, aka sake kawo wasu 'yan'uwansa daga Asiya domin su riƙa share kududdufan kiwon kifi a jihar Arkansas, suka kuɓuce suka faɗa Misisipi, suka haura har kogin Illinois, inda ɗaya daga cikinsu, mai launin azurfa, ya shahara da tsalle sama da ruwa har kusan mita 3 idan ya ji ƙarar injin jirgi. Da hukumomi suka ga waɗannan baƙi sun zama annoba, sai suka buɗe ƙofar kama su ta hanyoyin da aka haramta game da kifayen da masu fatsa suke so, harbi da kibiya yana daga ciki, kuma a yawancin jihohi lasisin su shi ne abin da ake nema ga maharbin.

To, wanda yake so ya fahimci kayan wannan sana'a, wajibi ne ya fara sanin cewa ruwa ne yake zartar da hukunci a kan kowane ɗayansu. Ruwa ya fi iska kauri wajen sau 800, saboda haka yana cinye ƙarfin kibiya nan take. Ruwa kuma yana karya haske, saboda haka yana nuna wa ido kifi a inda ba nan yake ba. Duk wani zaɓi da gwani zai yi, daga baka har fitila, amsa ce ga ɗaya daga cikin waɗannan matsaloli biyu, kuma wanda ya sayi kaya bisa tsada ko kyan gani, bai duba su ba, ya yi asarar kuɗinsa.

Bakan shi ne mafi sauƙin sha'ani, ko da yake shi ne mutane suka fi yin gardama a kansa. Iri biyu ake amfani da su: akwai baka mai lanƙwasassun kawuna, wanda bai yi nisa da namu na gargajiya ba in ban da abin da aka ƙera shi da shi, akwai kuma baka mai wili, wato wanda aka sa wa 'yan wiloli a kawunansa biyu, wanda wani Ba'amurke mutumin Missouri mai suna Holless Wilbur Allen ya ƙago, ya sami takardar mallakar ƙirarsa a 1969. Mai wili yana da fa'ida ga maharbin barewa, domin idan aka ja tsirkiya ta kai iyaka nauyinta yakan ragu, mutum ya riƙe ya yi saiti a tsanake. Amma kifi ba ya jiran saiti, yakan bayyana ne ya ɓace cikin ƙiftawar ido, kuma sau da yawa sai an saki kibiya tun ja bai cika ba. Wannan ne ya sa da yawa suka fi son mai lanƙwasa, ga shi ba shi da ƙarafan da laka da tsatsa za su ɓata, masu ƙera mai wili kuma suka fito da wani iri na musamman wanda ake iya sakinsa a kowane matsayi na ja. A ganina mai koyo ya fara da mai lanƙwasa. Game da ƙarfi kuwa, nauyin ja na laba 30 zuwa 50, wato kimanin kilo 14 zuwa 23, ya wadatar. Abin da ya wuce haka yakan huda kifin ya zarce ya kafe cikin taɓo ko saiwa, ya kuma kashe kafaɗar mai shi, wanda a dare guda yana iya yin harbi fiye da ɗari.

Kibiya ce ruhin al'amarin, a nan kuma ya kamata mu ɗan dakata. Kibiyar farautar tudu mara nauyi ce, nauyinta bai fi giram 30 ba, an yi ta ne domin ta yi nisa cikin iska. In aka harba ta cikin ruwa, kafin ta nutsa taki biyu ƙarfinta ya ƙare, ko ma ta goce ta taso. Ta kifi kuwa sanda ce cikakkiya mara rami a ciki, wadda aka yi da faiba, wato zaren gilashi da aka daskarar da ƙaro, wani lokaci a gauraya da kabon domin ta ƙara tauri, tsawonta wajen santimita 80, nauyinta kuma ya ninka na waccan kamar sau uku, domin nauyin ne yake tura ta ta keta ruwa ta fasa ɓawon kifi. Ba a sa mata gashin tsuntsu a gindi kamar yadda Turawa suke yi wa kibansu, saboda gashin yakan kama ruwa ya karkatar da ita. A wannan fuska ta yi daidai da kibiyar kyauro ta maharbanmu, wadda ita ma ba ta da gashi, sai dai wannan ba a shafa mata dafi, tun da abin da aka harba ci za a yi.

Kan kibiyar ƙarfe ne mai tsini da kunnuwa biyu ko uku, kuma hikimar da ke cikinsa ita ce kunnuwan suna kwanciya jikin sanda lokacin shiga, su buɗe idan kifi ya ja, sa'an nan bayan an fito da shi sai a murɗa tsinin, kunnuwan su juya baya, a zare kibiya ba tare da an yayyaga nama ba. Siffar kunne kuwa tana bin jikin kifin da ake nema. Kaf mai taushin nama yana bukatar dogayen kunnuwa masu faɗin riƙo, in ba haka ba sai su tsage su fita. Kifin da suke kira gar, mai dogon baki da ɓawo mai tauri ƙwarai, yana bukatar gajeren kai mai ƙarfi wanda kunnuwansa suke kusa da tsini, domin kibiyar ba za ta shiga da zurfi ba. Wanda zai yi harbi a wuri mai duwatsu ya tanadi tsinin canji da zarto a aljihu.

Sai igiya, wadda a kanta ne rai yake iya salwanta, don haka nake roƙon mai karatu ya kula da wannan wuri fiye da sauran. Igiyar kitsattsiya ce ta zaren roba mai ƙarfi, wadda aka fi amfani da ita tana ɗaukar laba 200, kimanin kilo 90, akan kuma zaɓi mai launi mai haske domin a riƙa ganin inda ta bi. A da, a gindin kibiya ake ɗaure ta, ta yadda idan maharbi ya ja tsirkiya igiyar takan biyo baya har kusa da fuskarsa. In aka yi rashin sa'a ta sarƙe da tsirkiya ko da wani sashe na bakan, sai kibiyar ta tafi ɗan kaɗan, igiya ta tsayar da ita, ta komo da gindinta da ƙarfin da ta fita da shi ta nufi idon mai ita, kuma an yi asarar idanu, har da rayuka, ta wannan hanya. Maganin da aka samo shi ne wani ɗan zobe mai zamewa a jikin sandar: a zoben ake ɗaure igiya, kafin harbi a tura shi gaba kusa da tsini, igiya ta zauna gaban baka ba ta kusanci tsirkiya ba, sai bayan kibiya ta fita zoben ya zame zuwa gindi ya tsaya a kan wani ɗan matoshi. Kuɗinsa ƙalilan ne, kuma ban ga uzurin wanda zai yi harbi ba tare da shi ba. Haka nan haramun ne a wannan sana'a mutum ya naɗa igiya a yatsa ko a hannu, domin babban kifi in ya fizga, siririyar igiya mai irin wannan ƙarfi yanka take yi.

Manaɗin igiya, wanda ake ɗaurawa a gaban baka, iri uku ne. Mafi tsufa da araha shi ne gwangwani ko ƙawanya da ake naɗa igiya a kai da hannu bayan kowane harbi, ba ya lalacewa amma yana cin lokaci. Na biyu irin na masu fatsar zamani ne, mai hannun juyawa da maɓalli, yana da saurin jawowa, illarsa kuwa ita ce duk wanda ya manta bai danna maɓallin ba kafin ya saki, ko igiya ta tsinke kibiya ta tafi ke nan, ko ta komo masa. Na uku shi ne mai kwalba, wanda kamfanin AMS na jihar Wisconsin ya yi suna da shi: igiyar, mai tsawon yadi 25, tana tare ne a sake cikin kwalbar roba, tana fita ba tare da an danna kome ba, sai lokacin jawowa ake matsa wani hannu a juya, saboda babu abin mantawa a cikinsa, shi ya fi dacewa da mai koyo. Masu neman manyan kifaye kuwa sukan ɗaure ƙarshen igiya a jikin wani abu mai yawo bisa ruwa, in kifin ya ja sai abin ya fice daga bakan, su bi shi da jirgi har ya gaji.

Yanzu mu zo ga mas'alar da ta fi kowace daɗin bincike, wato yaudarar da ruwa yake yi wa ido. Kowa ya taɓa tsoma sanda cikin randa ya ga kamar ta karye a daidai fuskar ruwa. Sababin haka shi ne haske yana tafiya cikin ruwa a hankali fiye da yadda yake yi cikin iska, don haka idan ya taso daga jikin kifi ya fito sarari sai ya karkata, ido kuwa ba ya sanin an yi karkata, yakan ɗauka hasken a miƙe ya zo, sai ya ajiye surar kifin sama da inda yake. Malaman Musulunci na farko sun yi tahkiki a kan wannan babi: Ibn Sahal, wanda ya yi zamani a Bagadaza, ya bayyana ƙa'idar lissafin karyewar haske wajen shekarar 984, fiye da shekara 600 kafin Snell mutumin Holan, wanda Turawa suke jingina ƙa'idar gare shi, ya kai gare ta a 1621, Hasan Ibn Haisam kuma, haifaffen Basra wanda ya zauna Alƙahira, ya yi dogon bahasi a kan karyewar haske cikin littafinsa Kitabul Manaziri. Abin da lissafin ya nuna shi ne, in mutum ya dubi ruwa daga sama tsaye, abin da ke zurfin ƙafa 4 zai gan shi kamar a ƙafa 3. In kuwa daga gefe yake dubawa, gwargwadon nisansa gwargwadon ƙaruwar kuskuren.

Daga nan ne maharban kifi suka fitar da dokarsu ta farko, wato a auna ƙasa da kifi. Suna da wani ƙiyasi da suke koya wa sabon shiga: in kifi yana nesa da kai ƙafa 10, zurfinsa kuma ƙafa 1, ka sauke saitinka inci 4 ƙasa da shi, in nisan ya ninka ko zurfin ya ninka, ka ninka saukewar. Wannan ƙiyasi ne kawai na fara koyo, domin babu wanda zai tsaya yin hisabi alhali kifi yana wucewa, kuma galibinsu ba sa ma ɗaura ma'aunin saiti a bakansu, hannu da ido ne suke sabawa. Kusan duk kuskuren mai koyo ta saman kifi kibiyarsa take bi, saboda zuciya ba ta yarda ta harbi wurin da ido yake ganin babu kome. Hanyar horar da ita kuwa mai sauƙi ce: a cika gorar roba da yashi, a nutsar da ita a ruwa mai haske, a yi ta harbinta daga nisa daban-daban da zurfi daban-daban har jiki ya karɓi darasin. Ya kamata kuma a san iyakar kayan, domin yawancin harbin da yake samun nasara bai wuce nisan mita 5 ko 6 ba, kifin da ya nutsa fiye da mita ɗaya da rabi kuma, ko an same shi, da wuya kibiya ta shige shi.

Lokaci da haske su ne sauran rabin dabara. A Amurka an fi samun kaf a ƙarshen bazararsu, wajen watannin Afrilu zuwa Yuni, lokacin da ruwa ya yi ɗumi suka shigo gaɓa cikin ciyayi domin zuba ƙwai, har bayansu yana fitowa fili. A irin wannan lokaci mai tafiya a ƙasa ma yana samun rabonsa, muddin ya taka a hankali, bai bar inuwarsa ta faɗa kan ruwa ba, ya kuma sa tabarau irin mai kashe ƙyallin ruwa, wanda in babu shi da rana ba a ganin kome sai walƙiya. Da dare kuwa jirgi ake shiga, mai shimfiɗaɗɗen gindi wanda yake iya bin ruwa mara zurfi, an yi masa dandamali a gaba domin maharbi ya sami tsayi, tun da tsayin yana rage karkatar haske, an kuma kewaye shi da fitilu masu aiki da janareta ko batir. A ruwa mai laka sun fi son haske mai ɗan ja-ja, domin fari yakan dawo wa ido. Masu bin kaf mai tsalle a kogin Illinois su kam a iska suke harbinsa daga bayan jirgi yana gudu, a nan babu mas'alar karyewar haske, sai dai hatsarin kifi mai nauyin kilo goma ya faɗo wa mutum a fuska.

Akwai wani bambanci babba tsakanin wannan su da na fatsa, wanda bai kamata a rufe bayani ba a ambace shi ba, shi ne cewa mai fatsa yana iya cire ƙugiya ya mai da kifi ruwa ya rayu, amma wanda kibiya ta huda ya riga ya mutu, saboda haka tantance irin kifin wajibi ne kafin saki, ba bayansa ba. An daɗe a Amurka ana ɗaukar duk kifin da masu fatsa ba sa so a matsayin abin banza, ana harbinsa ba adadi, har da 'yan asalin ƙasar waɗanda ba su yi wa kowa ɓarna ba. Sai a 2019 wani mai bincike, Alec Lackmann na jami'ar jihar Dakota ta Arewa, ya ƙirga zobban da ke cikin ƙashin kunnen wani kifi da suke kira bafalo mai babban baki, wanda aka kamo a Minnesota, ya tarar shekarunsa 112, ya kuma tarar galibin waɗanda ya auna a wasu tafkunan sun haura 80, alamar cewa an daɗe ƙanana ba sa tasowa. Haka nan gar mai bakin kada, wanda yakan wuce mita 2 ya kuma haura kilo 100, macensa ba ta fara ƙwai sai ta yi shekaru masu yawa, shi ya sa jihar Texas tun 2009 ta ƙayyade wa kowane mutum guda ɗaya a yini. Wanda ya kama shi kuma ya sani namansa ana ci, amma ƙwansa guba ne.

Shari'armu ba ta bar wannan babi ba bayani: a mazhabar Malikiyya dabbar ruwa halal ce ba tare da yanka ba, saboda haka kifin da aka harba da kibiya babu shubuha a cinsa, amma Risala ta Ibn Abi Zaid ta rarrabe tsakanin farautar da ake yi domin wasa kawai, wadda ta sa cikin makaruhi, da wadda ake yi domin wata bukata, wadda ta halatta. Ɗabi'ar da ake zargin wasu maharban can da ita, ta cika jirgi da kifi domin gasa sa'an nan a zubar a bakin gaɓa ya ruɓe, almubazzaranci ne tsantsa, jihohi da yawa ma sun sa tara a kanta. Ga shi kuwa kaf ɗin Asiya nama ne fari mai kyau in aka iya da ƙayarsa, har jihar Illinois ta sauya masa suna zuwa Copi a 2022 domin ta jawo hankalin masu saye.

Duk wanda wannan bayani ya ba shi sha'awar gwadawa a ruwayenmu, to ya jira rani lokacin da laka ta kwanta ruwa ya yi haske, ya fara neman izinin sarkin ruwan wurin da na ma'aikatan kula da kifi, domin akwai ruwayen da ake tsarewa ba a taɓa su sai ranar da aka buɗe, kamar Matan Fada na Argungu. Ya nisanci mashaya da wurin wanka da inda masunta suka kafa tarunsu, kada kuma ya ɗana kibiya sai ya duba da idonsa cewa zoben yana gaba, igiyar kuma ba ta sarƙe da kome ba.